Ƙarin Ƙarfe a Fedar Keke: Sauƙi ne ga Mahayi ko Asarar Kuɗi?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, keke ya dawo da martabarsa a arewacin Zamfara. Dama can bai taɓa barin ƙauyukan Zurmi, Ƙauran Namoda da Shinkafi ba. Shi ke kai gero da wake kasuwa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai ɗalibi makaranta da manomi fadama. Abin da ya sauya shi ne, mutanen da suka jingine shi suka hau babur, da yawansu sun koma sun kakkaɓe masa ƙura.

Duk wanda ya saba da babur kuwa, in ya koma keke, abu na farko da zai tuna shi ne tuƙi wahala ne. Daga nan neman sauƙi ya taso. Wayar hannu ta cika da bidiyoyi a Facebook da TikTok masu nuna wasu ƙere-ƙere da ake ɗaura wa keke: hannun feda mai lanƙwasa kamar lauje, hannun da aka ƙara wa tsawo, faifan sarƙa mai siffar ƙwai, feda mai maƙale takalmi, da waɗanda ake danna su sama da ƙasa maimakon juyawa. Kowanne da alƙawarin gudu mai yawa da gajiya kaɗan. Da yake masu walda a garuruwanmu ba su rasa basira ba, abin da aka gani a waya ba ya wuyar kwaikwayo. Tambayar ita ce, waɗannan ƙare-ƙare suna taimakon mahayi kuwa?

Hujjojin masu goyon baya

Hujjarsu ta farko ita ce keken da muke hawa ba don ƙasarmu aka zana shi ba. Siffarsa ta samo asali ne daga keken Rover da John Kemp Starley ya fitar a Coventry ta Ingila a 1885, sai kamfanin Raleigh na Nottingham ya yaɗa irinsa a duniya, har ya kafa masana'anta a Kano. Phoenix na Sin da Hero na Indiya duk a kan wannan tsari suka tafi. An yi shi ne don mutum ɗaya da ɗan kunshinsa a kan hanya mai tauri. Mu kuwa muna ɗora masa jarka huɗu masu lita 25, kilo 100 ke nan ban da nauyin mahayi, mu shiga da shi rairayin bakin gulbin Bunsuru ko na Gagare. Tun tuni kuma mutanenmu suke gyara shi ya dace da aikinsu: a ƙarfafa kariya da rodi, a ƙara wa ƙafafun gaba ƙarfe, a sa sifoki masu kauri. Duk waɗannan sun yi amfani, babu mai musu. To me zai sa a ce feda kaɗai ce ba a taɓawa?

Ta biyu, suna cewa matsalar da ƙere-ƙeren ke son magancewa gaskiya ce. Ƙafa ba ta da ƙarfi iri ɗaya a duk zagayen feda. Lokacin da hannun feda ya kwanta yana kallon gaba, nan ƙafa ke danna shi da dukkan ƙarfinta. In ya miƙe tsaye, feda ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, danna duk yadda za ka danna, keke ba ya jin ka. Mai kaya a kan hawa ya san wannan gurbi sarai, domin a nan keken ke tsaya masa ya dire ƙafa. Faifai mai siffar ƙwai an ƙirƙiro shi ne don ƙafa ta wuce wannan mataccen wuri da sauri, ta daɗe a inda take da ƙarfi.

Ta uku, manyan gwanaye sun yi amfani da irin waɗannan kaya sun ci gasa. Carlos Sastre ya lashe tseren Tour de France na 2008 da faifan kamfanin Rotor wanda ba zagayayye ba ne. Bradley Wiggins ya lashe na 2012 da faifan Osymetric, Chris Froome ma da shi ya ci nasa. Feda mai maƙale takalmi da kamfanin Look na Faransa ya fitar a 1984, Bernard Hinault ya ci gasar 1985 da ita, yau kuma da wuya ka ga ɗan tseren titi da ba ya amfani da irinta. Abin da ake yi wa kallon baƙo jiya, in ji su, shi ne ka'ida yau.

Ta huɗu ita ce mafi ƙarfi, kuma ba sai an je Turai ba. A Kano, ƙungiyar waɗanda cutar shan inna ta shafa, ƙarƙashin jagorancin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekuna masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Me aka yi a nan in ba ɗauke feda daga ƙasa aka dawo da ita gaban ƙirji ba? Wannan sauyi ya tayar da mutane daga rarrafe, ya kai su makaranta da kasuwa. Haka nan akwai ƙarfen da ake ɗaura wa hannun feda don rage masa tsawo saboda wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa sosai, da ƙarin tudu a feda ɗaya ga wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Ko katakon da uba ke ɗaure wa feda don ƙafar yaronsa ta kai, ya huta da tuƙi ta ƙarƙashin sanda, ƙari ne, kuma yana aiki.

Hujjojin masu adawa

Su kuma waɗannan, cikinsu har da tsofaffin masu gyaran keke, cewa suke yi banza ba ta kai zomo kasuwa. In saurayi ya kai wa dattijon mai gyara wayarsa ya ce, "Baba, dubi wannan, a yi mini irinta," amsar da zai iya ji ba ta wuce, "Ɗana, ƙarhe ba ya tuƙa keke, ƙahwa ka tuƙa shi." Injiniya ma in ka tambaye shi abin da zai faɗa ke nan, sai dai ya ƙara da lissafi.

A fara da hannu mai lanƙwasa, tunda shi ya fi ɗaukar ido. Ba sabon abu ba ne. Wani kamfanin Italiya mai suna PMP ya sayar da irinsa mai kusurwa a farkon shekarun 1980, daga baya wasu suka fito da mai siffar harafin Z, wasu mai siffar lauje. Gwada shi ba ya buƙatar komai sai zare. Ka ɗaura zaren a tsakiyar inda hannun ke juyawa, ka ja shi miƙe zuwa ƙusar feda. Tsawon wannan zare da inda ya fuskanta su kaɗai keke ya sani. Ƙarfen da ke tsakani ya miƙe ne, ya lanƙwashe ne, ya zagaya ta bayan gida ne kafin ya iso, feda dai da'ira ɗaya za ta zana, ƙarfin da zai isa sarƙa kuma ɗaya ne. Mataccen wurin yana nan inda yake, domin wurin da feda take ne ke haifar da shi. Abin da lanƙwasa ta ƙara shi ne nauyi da wurin karyewa. A kan wannan babu ja, lissafi ne tsagwaronsa.

Hannu mai tsawo ya fi wannan hujja, don kuwa da gaske yana sa feda ta yi laushi. Yawancin kekuna tsawon hannunsu yana tsakanin milimita 165 zuwa 180. A ɗauki mai 170, mai walda ya mayar da shi 200. Ƙarfin da za a danna ya ragu da kashi 15 cikin 100. Amma da'irar da ƙafa ke zagawa ta tashi daga mita 1 da santimita 7 zuwa mita 1 da santimita 26 a kowane juyi. Kamar mai raba buhun gero gida biyu ne don ya ji sauƙin ɗauka: kowane sawu ya fi sauƙi, sawun kuma ya ƙaru. Ban da haka, tazarar hawa da saukar ƙafa ta ƙaru da santimita 6, wato gwiwa za ta riƙa naɗewa fiye da da a daidai lokacin da ake ɗora mata nauyi. Feda kuma ta matso ƙasa da santimita 3, sai ta riƙa dukan kunya da kututture a hanyar gona, ta kartar ƙasa a kwana.

An auna wannan a ɗakin gwaji. Binciken da Jim Martin da Waneen Spirduso suka wallafa a 2001 ya gwada mahaya da hannuwa biyar: milimita 120, 145, 170, 195 da 220. Duk da wannan tazara mai faɗi, bambancin iyakar ƙarfin da suka fitar bai wuce kimanin kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi tsawon ba shi ya zo kan gaba ba. Abin mamaki ma, gwanayen yanzu gajarta suke nema. Tadej Pogačar da hannu mai milimita 165 ya lashe Giro d'Italia da Tour de France da gasar duniya a 2024.

A kan faifai mai siffar ƙwai, masu adawa suna tuna wa mutane labarin Biopace, wanda Shimano na Japan ya fitar a 1983 da gagarumar talla, ya daina bayan kimanin shekara 10. Shi Biopace an karkata ƙwan nasa ne ta wata fuska, na Rotor da Osymetric kuma ta kusan kishiyarta, kowanne kuwa ya ce nasa ne ke ƙara ƙarfi. Binciken masana ya rabu: wasu sun ga ɗan ƙari, wasu ba su ga komai ba. Wiggins kansa ya koma zagayayyen faifai daga baya, bai kuma daina cin gasa ba. Mafi yawan waɗanda suka lashe Tour de France da zagayayye suka lashe. Ko a ce ƙarin kashi 1 ko 2 gaskiya ne, wannan riba ce ga wanda daƙiƙa 10 ke raba shi da kofi. Mai kai albasa kasuwar Shinkafi ran Alhamis ba zai ko lura da ita ba.

Feda mai maƙale ƙafa kuwa, amfaninta ga ɗan tsere shi ne kada ƙafarsa ta zame lokacin da yake juyi da matuƙar sauri. A tafiya ta yau da kullum, har gwanaye kusan duk ƙarfinsu daga dannawa ƙasa yake fitowa, jan feda sama ba ya ƙara abin kirki. Mutumin da ke sanye da silifa da doguwar riga, yana ɗauke da kaya a hanya mai rairayi, babban abin da yake bukata shi ne ya iya dire ƙafa cikin ƙiftawar ido. A ɗaure masa ƙafa a feda, an haɗa shi da faɗuwa.

Sai batun inganci. Keken gargajiya, ƙusa ɗaya mai gefe a fiƙe, wadda ake kira kota, ita ke riƙe hannun feda da sandar tsakiya. Duk wanda ya zauna rumfar mai gyara ya ga yadda ake fama da ita: a tokare hannun da ƙarfe daga ƙasa, a buga ta da guduma ta shige, a ɗaure noti. In ta ci, sai feda ta riƙa yin ƙwas-ƙwas a kowane juyi. Ƙara wa hannu tsawo ƙara wa wannan 'yar ƙusa wahala ne, ga kuma walda a tsakiyar ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mutum duka in ya miƙe tsaye a kan hawa. Irin wannan karyewa ba ta sallama. A yankin da kowa ke ƙoƙarin isa gida kafin magariba saboda halin tsaro, lalacewar keke tsakanin Dauran da Zurmi ko tsakanin Moriki da Ƙaura ba ƙaramin abu ba ne. Kayan da aka saba da su kuma ana samun madadinsu a kowace kasuwa. Baƙon ƙarfe in ya karye, sai a jingine keke.

To masu cewa sun gwada sun ji daɗi fa?

Nan ne muhawarar ta fi zafi, domin gani ya kori ji, kuma ba daidai ba ne a ƙaryata mutum kan abin da ƙafarsa ta ji. Sai dai a duba abin da ke faruwa ranar da aka ɗaura sabon ƙarfe. Mai gyara ya kwance tsakiyar keke, ya wanke boris, ya cusa giris, ya sa sabuwar kota, ya daidaita sarƙa, wataƙila ya ƙara wa taya iska. Keken da ya shekara bai ga mai ba dole ya yi laushi, sai yabon ya tafi ga lanƙwasasshen ƙarfe. Ga kuma halin ɗan Adam: wanda ya kashe kuɗinsa, idon abokai na kansa, yakan ƙara himma a tuƙi bai sani ba.

Masu goyon baya sukan mayar da martani cewa in mutum ya ji sauƙi, ko daga zuciyarsa ne, ai ya amfana. Akwai ƙanshin gaskiya a nan ga mai hawa don nishaɗi. Ga wanda keke ne jarinsa, jin daɗin mako biyu bai kai kuɗin da aka cire daga cefane ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a cika samun riba a wannan sashe na keke ba. Sarƙa mai tsabta da mai tana isar da sama da kashi 95 cikin 100 na ƙarfin ƙafa zuwa tayar baya. Wato ko an ƙirƙiro abin da babu asara a cikinsa sam, abin da zai ceto kaɗan ne. Shi ya sa kekunan da ake danna su da sanduna, irin Alenax na shekarun 1980, suka zo suka wuce, zagayayyar feda da sarƙa suna nan fiye da shekara 130. Ƙarfin mahayinmu a wasu wurare yake zubewa: taya mara iska, birki mai gugar gare-gare, busasshiyar sarƙa mai cike da ƙasa, sirdi da aka saukar har gwiwa na neman taɓa haɓa, da fedar da robarta ta zube saura tsinken ƙarfe yana cin tafin ƙafa.

Inda gaskiya ta faɗa

In aka auna ɓangarorin biyu, za a ga kowanne ya riƙe wani yanki. Masu goyon baya sun yi daidai da suka ce keke ba abin da ba a taɓawa ba ne, kuma misalin keken guragu ba ya tankwaɓuwa. Amma a lura, babu ɗaya cikin misalansu masu ƙarfi da ya ƙirƙiro ƙarfi daga babu. Sun daidaita keke ne da jikin mai shi. Masu adawa kuma sun yi daidai a lissafi, sai dai in suka zarce suka ce duk wani ƙari yaudara ne, sun zalunci mai ciwon gwiwa da yaro da mai lalura.

Saboda haka, duk ƙarin da aka kawo maka, yi masa tambaya uku. Yana daidaita keke da jikinka? Yana sauya giya ta dace da kayanka da hanyarka? Ko yana kawo ƙarfi daga waje? In amsar ukun duka a'a ce, ado ne.

Na ukun shi ne injin lantarki da ake ɗaurawa a tsakiyar keke ko a cibiyar taya. Ƙaraminsa yana ba da wat 250, alhali mutum mai matsakaicin ƙarfi a doguwar tafiya abin da yake fitarwa bai cika wuce wat 100 ba. Wannan taimako ne na haƙiƙa, domin batir ne ke biya. Matsalarsa tsada, da caji a inda wuta ba ta da tabbas, da ƙarancin masu gyara.

Na biyun shi ne wanda ya fi dacewa da aljihun mutanenmu, kuma shi aka fi mantawa. A ɗauki keke mai taya inci 28, faifan gaba mai haƙora 44, na baya mai 18. Kowane juyin feda yana tafiyar da shi kusan mita 5 da rabi. A canza na bayan zuwa mai haƙora 22, a ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi, juyi ɗaya ya koma kusan mita 4 da rabi, nauyin feda kuma ya ragu da kashi 18 cikin 100. Wannan ya fi sauƙin da hannu mai milimita 200 ya bayar, ba walda, ba takura gwiwa, ba kartar ƙasa. Farashinsa shi ne raguwar gudu a kan kwalta in babu kaya, wanda mai jarka huɗu ba zai yi kukansa ba. Masu son duka biyun, giya mai canzawa ta daɗe da samuwa, tun cibiyar Sturmey-Archer mai giya uku ta 1902.

Akwai darasi a wurin ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, take rarraba keken Buffalo a ƙauyukan Zambiya, Kenya, Malawi da Zimbabuwe. Injiniyoyinta sun zauna sun zana keke musamman don mai kaya a hanyar karkara. Abin da suka fito da shi shi ne gangar jiki mai kauri, kariya mai ɗaukar kilo 100, taya mai jure ƙaya, da kayan gyara masu sauƙin samu. Hannun feda miƙaƙƙe suka bari, faifai kuma zagayayye.

Kira na farko ga masu walda da masu gyara na Zurmi, Ƙaura da Shinkafi: basirarku abin alfahari ce, a karkata ta inda take da riba, wato kariya mai ƙarfi, amalanken da keke ke ja, kekunan masu lalura, da rage tsawon feda ga dattawa masu ciwon gwiwa. Na biyu ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda: ɗaliban injiniya za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu, su gwada ƙere-ƙeren a hanya ɗaya, da kaya ɗaya, da agogo a hannu, bayan an yi wa kekunan duka gyara iri ɗaya, su sanar da jama'a sakamako da Hausa a rediyo.

Kai kuma mai keke, kafin ka biya kuɗin lanƙwasasshen ƙarfe, cika tayarka da iska, wanke sarƙa ka sa mata mai, ɗaga sirdi har ƙafarka ta kusa miƙewa in feda tana ƙasa, sayi feda mai faɗi, in kana ɗaukar kaya ka ƙara haƙoran baya. Hukuncin dai shi ne: ƙarin da ya daidaita keke da jikinka ko da kayanka yana taimako, wanda ya yi maka alƙawarin ƙarfi kyauta kuwa, ka bar wa mai shi kayansa.